Takobin Japan da Rumbun Manomi

Ya kai mai karatu, in ka taɓa zama gidan kallon bidiyo ran kasuwa, ka san duk fim ɗin da ake faɗa da hannu ko da takobi "ɗan Cana" muke ce masa. To, ba duka ne na Sin ba. Bruce Lee a Hong Kong ya yi suna, amma masu dogon takobin nan da ake kira samurai mutanen Japan ne.

A shekarar 1954 wani gwani, Akira Kurosawa, ya fito da fim mai suna Samurai Bakwai. Labarin ba baƙo ba ne gare mu mutanen Adar. Wasu manoma ne 'yan fashi suka addaba, da kaka ta yi sai su zo su kwashe hatsi. Manoman suka nemo mayaƙa bakwai, ladansu abinci kawai. Aka gwabza, huɗu suka mutu, ƙauye ya tsira.

Labari mai daɗi ba ya zama gida. A 1960 Amurkawa suka mai da shi fim ɗin kaboyi. A 1964 Sergio Leone na Italiya ya yi haka da Yojimbo, wanda Toshiro Mifune ya fito a ciki a 1961. Fina-finan kaboyi kuwa sun shiga ran samarin Nijar ƙwarai, har Moustapha Alassane, wanda ya daɗe zaune a Tawa, ya yi fim a 1966 kan samarin ƙauye da suka sa hular kaboyi suka hana kowa sakat.

Yau masu tara kayan da suna sayen tsofaffin takardun tallar fina-finan nan da tsada. Me ya sa? Japan ta san zafin rashi. Girgizar ƙasar 1923 da gobarar Yaƙin Duniya na Biyu sun ci da yawa daga fina-finansu na farko. Abin da ya rage, wani ne ya adana shi.

Mu fa a Ibohamane? Kaset ɗin kokawa, na makaɗa, da hotunan aikin raya karkara na Keita da aka soma a 1984, suna nan rana da gara suna ci. Tun da ka iya rubutu, ɗauko su, ka rubuta suna da shekara, ka sa cikin akwatin ƙarfe a inuwa. Jikokinka za su tambaya.