Manoman Inabi na Tirol ta Kudu da Haɗin Gwiwarsu

Duk wanda ya taɓa ganin mai tumatir a Kadawa tsaye kan kwandunansa, rana tana yi, ɗan baranda yana taya masa abin da ya ga dama, zai gane halin manoman inabi na Tirol ta Kudu a ƙarshen ƙarni na 19. Inabi ba ya jira. In an tsinke shi, ko a matse ko ya lalace, ga wurin matsa da ɗakunan ajiya duk a hannun manyan 'yan kasuwa. Yankin yana cikin tsaunukan Alps, a lokacin ƙarƙashin daular Ostiriya. Yarjejeniyar ciniki ta 1891 ta rage harajin giyar Italiya, mai araha ta kwararo, farashi ya karye.

A 1893 manoman ƙauyen Andrian suka kafa ƙungiyar haɗin gwiwa, su matse inabinsu su sayar da kansu. A shekarar ce manoma 24 na Terlan suka bi sahu. Ta Tramin, garin da inabin Gewürztraminer ya samo sunansa, wani limamin coci ne, Christian Schrott, ya assasa ta a 1898.

Haɗin gwiwar ya tsare musu gonaki, amma bai kawo inganci nan take ba. Bayan yarjejeniyar 1919 ta mayar da yankin hannun Italiya, ƙungiyoyin sun daɗe suna tura jar giya ta inabin Vernatsch a ganguna zuwa Suwizalan da Jamus. Da nauyi ake biyan manomi, don haka kowa ya bi yawa. Sai da wannan kasuwa ta durƙushe wajen shekarun 1980 aka koma biya gwargwadon kyan inabi, aka kuma juya ga farin. A nan ne tsauni ya yi rana: zafin yini yana nunar da 'ya'yan, sanyin dare yana riƙe musu tsami da ƙamshi.

Sebastian Stocker, mai kula da ɗakin ajiyar Terlan daga 1955 zuwa 1993, ya riga kowa ganin haka. Yakan bar farar giya kwance kan dusarta shekara goma ko fiye, a zamanin da ake ɗaukar ta abin sha na shekara guda. Yau kimanin kashi 70 cikin 100 na giyar yankin daga ƙungiyoyin manoma take fitowa, kuma fara ta rinjayi ja. Andrian da Terlan sun haɗe a 2008.