Tuɓe Sarki da Tsige Gwamna

Cikin 1963 Gwamnatin Jihar Arewa ta sa Sarkin Kano Muhammadu Sanusi ya yi murabus, bayan binciken Muffett kan kuɗin En'e. Ya zauna Azare, daga bisani ya komo Wudil, ya rasu cikin 1991. Ikon gwamnati kaɗai ya isa ga wannan. Tsigewa kuwa, bisa Tsarin Mulkin 1979 da na 1999, tana hawan Shugaban Ƙasa da Gwamna da mataimakansu, kuma sai kashi biyu cikin uku na majalisa sun yarda. Ta haka aka tsige Gwamna Balarabe Musa a Kaduna, da Bibi Faruk, Mataimakin Gwamnan Kano, cikin 1981. Watau doka ta gina wa zaɓaɓɓe katangar da sarki bai samu ba.