Ledar Da Ake Buɗewa A Sake Liƙewa: Amfaninta Da Iyakarta Wajen Zuba Kayan Gona

Idan kana sarrafa amfanin gonarka kafin ka kai kasuwa, kamar garin kuka, busasshiyar kuɓewa, yaji, zoɓo ko garin zogale, to babu mamaki masu sayar da leda sun taɓa tallata maka wadda ke da gam a baki. Za ka ɓare 'yar siririyar takardar da ta rufe gam ɗin, ka naɗe bakin ledar, ka danna, shi ke nan ta kama. Mai saye ya buɗe ya ɗebi abin da zai ɗiba, ya sake liƙewa. Abu ne mai kyau, yana kuma ƙara wa kaya daraja a idon mai saye. Amma ka san iyakarsa tun kafin ka zuba kuɗinka: an yi shi ne don sauƙaƙa wa mai amfani bayan ya buɗe kaya, ba a yi shi don dogon ajiya ba.

Yadda gam ɗin yake aiki

Wannan gam ba ya bushewa kamar na kafinta ko na mai gyaran takalmi. Kullum yana nan da danƙonsa, kuma dannawa ce ke sa shi kamawa. Shi ya sa idan ka ɗora shi sama-sama ba zai riƙe ba, sai ka bi shi da yatsa daga wannan gefe zuwa wancan. Irinsa ne a jikin salatif, sai dai na sake-liƙewa an rage masa ƙarfi da gangan don ya saki ba tare da ya yaga ledar ba.

Akwai mai kamawa sau ɗaya, irin na ledar aika saƙo, wanda sai ka yaga kafin ka buɗe. Akwai kuma na sake-liƙewa. A ido kusan ɗaya suke, don haka kada ka tsaya ga maganar mai shago kawai. Karɓi guda ɗaya ka liƙe ka buɗe a gabansa.

Ta fuskar haɗi kuma, wani daga roba ake yin sa, wani kuma daga sinadarin da ake kira akirilik. Na roba yana saurin kamawa, amma zafi da hasken rana suna tsufar da shi, ya yi laushi, ya riƙa barin danƙo a jikin leda. Na akirilik ya fi jure zafi da rana. A wurin da zafin bazara ke haura digiri 40, a shago mai rufin kwano, wannan bambanci ba ƙarami ba ne.

Abubuwan da ke kashe shi

Gari, maiƙo da ƙura. Gam ba ya zaɓen abin da zai kama, duk abin da ya taɓa shi nasa ne. Ranar farko da uwargida ta tsiyaye garin kuka ta bakin ledar, garin zai lulluɓe gam ɗin, daga nan kuma ya daina kamawa. Haka ƙurar hunturu take yi idan an bar bakin a buɗe. Maiƙo ya ma fi muni, domin yana shiga tsakanin gam da leda ya raba su. Kilishi, dambun nama, ƙuli-ƙuli da soyayyar gyaɗa duk ba abokan tafiyarsa ba ne. A ganina, duk kayan da ke gari ne ko mai maiƙo, leda mai zif ta fi dacewa da shi, ko da ta ɗan fi tsada.

Inda ya fi yin kyau shi ne busassun kaya masu gwaɓi da ba sa tashin gari sosai: zoɓo, dabino, aya, busasshiyar citta, kanumfari, yankakkiyar kuɓewa da ba a daka ba. In kuma dole sai ka yi amfani da shi ga gari, to nemi ledar da aka sa gam ɗin a bayan jikinta, ba a kan leɓen da ake naɗewa ba, don kada kayan su bi ta kansa idan ana zubawa.

Liƙin farko na inji ne

Nan ne mutane da yawa suke asara. Bakin gam yakan bar 'yar kafa, musamman a kusurwoyi biyu na gefe, kuma iska da laima suna bi ta nan. Da damina, busasshen kaya yana jawo laimar iska: yaji ya dunƙule, zogale ya canza launi, wani lokaci har fumfuna ta fito. A masara da gyaɗa, fumfuna na iya haifar da gubar afalatoksin mai lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kawar da ita.

Ga kuma batun amana. Ledar da gam kaɗai ya rufe, kowa na iya buɗe ta a shago ya rage ko ya haɗa wani abu, ya mayar, ba wanda zai gane. Sunanka ne a jiki, kai za a zarga.

Saboda haka ka fara liƙe bakin da injin liƙe leda mai zafi, sannan gam ya zama rufi na biyu bayan mai saye ya yanke liƙin. Ka bar isasshen fili a sama don yankan ya yiwu. Ka lura kuma cewa ba kowace leda ce ke karɓar zafi ba. Mai laushin nan tana liƙuwa da kyau, amma mai ƙyalli da ƙaras-ƙaras wani lokaci sai ta takure ko ta buɗe daga baya. Gwada kafin ka sayi katan.

Kuma kowane irin rufi ka yi, ba zai gyara kayan da bai bushe ba. Ga hatsi, zuba kaɗan a busasshiyar kwalba tare da busasshen gishiri, ka rufe ka girgiza. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, akwai sauran shanya.

Hatsi da iri

Kada ka haɗa wannan leda da buhun PICS, wanda masana daga Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro tare da abokan aikinsu na Afirka don ajiyar wake. Shi yana da leda biyu a ciki, kowace mai kaurin maikiron 80, da buhun saƙa a waje, kuma kowanne ana murɗe bakinsa a ɗaure shi daban. Ƙwari suna mutuwa a ciki ne saboda iskar numfashi ta ƙare musu. Bakin gam ba ya toshe iska haka, don haka waken da ka zuba da ƙwai a jikinsa zai ci gaba da hujewa.

Ragowar irin tumatir ko albasa da ka buɗe, kana iya naɗe bakinsa ka liƙe, amma ka jefa fakitin cikin kwalba ko gwangwani mai murfin kirki, ka ajiye a wuri mai sanyi da inuwa. Irin albasa musamman ba ya daɗewa, da wuya ya wuce shekara da ƙarfin tsirarsa. Fakitin irin da aka yi wa magani, wanda za ka gan shi da launin ja ko shuɗi, kada a sake zuba abin ci a cikinsa, kuma a nisanta shi da yara.

Kafin ka sayi da yawa

Tambayi mai sayarwa ko ledar ta zuba abinci ce, kuma ka shinshina. Mai warin fetur ko fenti, bar ta. Ɗauki kamar guda goma ka cika da ainihin kayan da za ka sayar, ka buɗe ka rufe kowace sau goma, ka bar su mako guda a inda zafi ya fi yawa a shagonka. Sannan ka kife su ka girgiza. Wadda ka liƙe da inji kuma, nutsa ta a bokitin ruwa ka matsa a hankali. In ka ga kumfa na fitowa, akwai kafa.

Idan kana shirin neman rajistar NAFDAC, ka bar wa takardar bayani fili a gaban leda, inda sunan kaya, nauyi, adireshinka, lambar rukuni, ranar sarrafawa da ranar lalacewa za su fito sarai. Kada ka buga waɗannan ranaku a kan ɓangaren da mai saye zai yanke ya yar, ko inda naɗin bakin zai rufe su.