Guzurin Mai Tafiya Makka da Ƙafa a Ƙasar Kazaure

Kafin zuwan mota da jirgin sama, mutumin Kazaure, Roni, Gwiwa ko Babura da ya ɗaura niyyar aikin Hajji shirin tafiyar shekaru yake yi. Mafi yawan maniyyata manoma ne, da almajirai, da masu sana'ar hannu, waɗanda ba su da dukiyar da za ta kai su Makka a tashi ɗaya. Tafiya suke yi suna tsayawa, su yi aiki a wannan gari su sami abin da zai kai su na gaba. Wannan ne ya tsara irin kayan da ake ɗaurewa, da irin waɗanda ake bari a gida.

Hanya biyu ce. Tsohuwar ita ce ta arewa, wadda ke bi ta Damagaram da Agadas ta ratsa hamada zuwa Masar, kuma masarautar Kazaure, wadda Ɗantunku ya kafa wajen 1819, tana tsakanin Kano da Daura a bakin wannan hanya. Amma hamada sai mai raƙumi da kuɗin jagora. Talaka gabas yake nufa: Borno, Wadai, Darfur, Kurdufan, ya ƙetare kogin Nilu, ya kai tashar Sawakin a bakin Bahar Maliya, daga nan ya hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Yaƙe-yaƙen Mahadi a Sudan daga 1881 zuwa 1898, da na Rabe wanda ya ci Borno a 1893, sun dagula wannan hanya na wani lokaci. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Mai Wurno ya wuce da jama'a zuwa Sudan, kuma garin da suka kafa kusa da Sannar ya zama mafaka ga masu zuwa a baya.

Shirin yana farawa tun kafin a taɓa kaya. Maniyyaci zai biya bashin da ke kansa, ya mayar da amanar mutane, ya yi wasiyya a gaban shaidu, ya bi dangi da maƙwabta gida-gida yana neman gafara. Gona a ba wani ɗan'uwa aro ko a jinginar da ita. Batun iyali shi ne mafi nauyi, domin barin mace shekara da shekaru ba labari zalunci ne da malamai ba sa yarda da shi. Shi ya sa da yawa suke tashi da matansu da 'ya'yansu. Lokacin tashi kuwa bayan kaka ne, sa'ad da hatsi ya shiga rumbu, rafuka suka janye, fadamun ƙasar Chadi suka fara bushewa. Ba a tafiya a ɗaiɗaiku. Ana shiga ayari ƙarƙashin madugu wanda ya san zango da rijiya da inda ake biyan kuɗin fito.

Abincin da ake ɗauka shi ne wanda rana ba ta lalata shi: garin gero, gumba, dakuwa, ƙuliƙuli, kilishi ga mai hali, sai kayan miya irin su kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, barkono da kanwa. Ana zuba su a taiki ko burgami, a ɗora wa jaki a mangala bisa akumari, mai takarkari kuma ya ɗora wa sansa. Ruwa a salka da gora. Ga tabarma, buzu, buta, ƙaramar tukunya, wuƙa, ƙyastu da ƙanƙara na kunna wuta. Malami ba ya rabuwa da gafakarsa da allo da tawada. Da yawa sukan naɗe farin ƙyalle su sa a ƙasan kaya, likkafaninsu ke nan, domin kowa ya san akwai waɗanda ƙasarsu na kan hanya. Duk wannan abinci, komai yawansa, na makonni ne. Kafin a fita ƙasar Borno ya ƙare.

Kuɗi ma matsala ne. A wancan zamani wuri shi ne kuɗin ƙasar Hausa, amma nauyinsa ya fi darajarsa, kuma idan an yi nisa gabas ba a karɓarsa. Lokacin da Bature matafiyi Barth ya zo Kano a 1851, wuri 2,500 ne ke daidai da liyari ɗaya, wato kuɗin azurfan nan na Ostiriya mai ɗauke da shekarar 1780. Keso guda na wuri 20,000, wanda kaya ne na gaske, liyari takwas ne kawai. Don haka mai shiri yakan sayar da dabbobinsa ya canza kuɗin zuwa azurfa, ya ɗinke a ɗamara ko cikin laya, ko kuma ya sayi haja marar nauyi mai tsada a kasuwar Kurmi ta Kano: turkuɗi da baƙin rini na Kura, jar fata, takalma, allurai. Waɗannan suna da kasuwa a Borno da Wadai, ana sayar da su kaɗan-kaɗan a ci abinci.

Sai dai abin da ya fi kai mutane Makka shi ne kayan sana'a. Wanzami ya rataya zabirarsa, baduku ya ɗauki basilla da zare, maɗinki allurarsa, mahauci wuƙaƙensa, manomi kuma ruwan fartanya ba tare da ƙota ba, tunda itace ana samu ko'ina. Mata suna ɗaukar mazari da tasar suya, kuma cinikin ƙosai da waina da suke yi a zango ya ciyar da gidaje da yawa a lokacin da mazan ba su sami aiki ba. Idan damina ta riski ayari, sai a nemi gona a yi noma, a girbe, a ci gaba. Bayan an buɗe gonakin auduga na Jazira a 1925, tsintar auduga ta zama babbar hanyar tara kuɗin jirgin ruwa. Nan ne kuma tafiyar mutane da yawa ta tsaya. An yi aure, an haihu, shekara ta bi shekara, har aka sami unguwannin Hausawa a biranen Sudan da Chadi, da Takari a Makka da Madina, waɗanda jikokinsu suna nan har yau.

Mulkin Turawa ya ƙara wa guzuri takardu: fasfo, shaidar rigakafi, da kuɗin ajiya na komowa. Marasa hali sukan kauce wa Sawakin su ƙetare teku a ƙananan jiragen ruwa a ɓoye, da haɗarin da ke ciki. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kai Nguru a 1930, wanda ya rage wa mutanen wannan yanki tafiyar farko. A 1948 Alhaji Mahmud Ɗantata da abokansa suka kafa kamfanin jigilar alhazai na WAPA a Kano, wanda sunansa ya zauna a wani yanki na Fagge, sai motoci suka mayar da tafiyar shekaru ta watanni. Jaki da salka suka ba akwatin ƙarfe da risho wuri. Daga shekarun 1950 jirgin sama ya fara ɗaukar alhazai daga Kano. An kafa hukumar alhazai ta ƙasa a 1975, aka kafa ta yanzu, wato NAHCON, a 2006, kuma tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991 maniyyatan waɗannan garuruwa ta hannun hukumar jin daɗin alhazai ta jihar suke bi. Yanzu hukuma ce ke ba su jaka da yadi iri ɗaya, ta kuma ƙayyade nauyin kayan da kowa zai shiga jirgi da shi.