«No holds barred» da kokowar ƙasar Hausa

Masu fassara daga Ingilishi kan ci karo da maganar nan, *no holds barred*, wadda ake faɗa idan mutum ya shiga gardama ko siyasa ko ciniki da dukan abin da yake da shi. Yawanci a nan Nijar akan ratsa ta Faransanci, a ɗauko *tous les coups sont permis*, sannan a juya shi Hausa a ce «babu doka». Muna ganin a wannan ratsen ne ma'anar take zubewa.

Asalin maganar filin kokowa ne: *hold* kamu, *bar* hanawa, wato ba kamun da aka hana. A ƙarni na 19 kokowa iri iri ce a Turai da Amurka, kowace da sharaɗinta. Wadda ake kira ta Girka da Rum, alhali a Faransa aka tsara ta, ta hana kamu ƙasa da ƙugu. Ta yankin Lankasha a Ingila ta yarda a kama ƙafa. Saboda haka kafin a kara sai an yi yarjejeniya. Ɗaya daga cikin tsofaffin wuraren da aka ga maganar a rubuce shi ne wata jaridar Manitoba, a Kanada, a 1892, cikin labarin karawar da aka shaƙe ɗan kokowa har ya suma. Abin lura, labarin ya ce kokowar ta Girka da Rum ce, sau uku, wanda ya kayar sau biyu ya ci. Ke nan akwai fili, akwai tsari. Kamu kaɗai aka sake wa mara. Haka ma gasar UFC ta farko, a Denver a 1993: an yi tallarta da cewa ba ta da doka, amma an hana cizo da tsone ido.

Faransanci ya maida kamu duka. Wannan bai dace da mu ba, domin Bahaushe ya raba biyun tun tuni: duka na dambe ne, kamu na kokowa. A Senegal ne ake haɗa su fili ɗaya.

To, me Hausa take cirewa idan tana nufin an wuce iyaka? Muna da «ba ji ba gani», muna da «ba kama hannun yaro», amma waɗannan naci suke nunawa. Wadda ta fi kusa ita ce «ba sani ba sabo». Ba kamu ta cire ba, ba duka ba, zumunci ta cire. A garuruwan Ƙwanni da Malbaza da Illela, kamar sauran ƙasar Hausa, kokowa wasan kaka ce: an gama girbi, samarin wani gari su tafi wani da makaɗansu. Ba takarda, ba agogo. Amma yaro ba ya kama ubangidansa da ya koya masa, ƴan gida ɗaya ba sa neman juna, dattijo kuma yana iya shiga fili ya raba, a rabu. Wanda ya karya ɗan mutane da gangan ya san baɗi shi ne baƙo a garinsu. Kiran wannan zamani «babu doka» kuskure ne na tarihi, ba na fassara kaɗai ba.

Abin da ya sauya a 1975, lokacin da gwamnatin Seyni Kunce ta shirya gasar ƙasa ta farko a Tawa, wadda Yakuba Ango Kantu na Maraɗi ya ci takobinta, shi ne mazaunin iyakar. Ta tashi daga bakin dattijo ta koma hannun alƙalin wasa, da lokaci ƙayyadadde da jerin abubuwan da aka hana. Daga nan ne maganar Ingilishi za ta iya samun gindin zama a kokowarmu, tunda sai an lissafa kamun da aka hana kafin a ce an ɗage hanin.

Sabo dai bai bar fili ba. Jihohi 8 kan kawo ƴan kokowa 10 kowace, kuma idan gasa ta yi nisa ta haɗa ƴan jiha ɗaya, ƴan kallo kan sa ido su ga ko ƙaramin zai kwanta wa babban.