Daga tamowar 2005 zuwa ma'aunin damtse a hannun uwaye

 Mu da muke lakwal a shekarar 2005 ba mu manta ba. Damanar 2004 ta zo da ƙarancin ruwa, fara ta bi ta lashe abin da ya rage a wasu wurare, kuɗin hatsi ya hau sama. Akwai hatsin a kasuwa fa, kuɗin saye ne babu. Shugaba Tandja Mamadou ya ce ba yunwa a ƙasa, amma a shekarar nan ƙungiyar likitocin MSF ta yi wa yara sama da 60,000 maganin tamowa mai tsanani a Nijar, mafi yawansu a jahar Maradi. Lokacin ne munka san Plumpy'Nut, ƙullin gyaɗan nan da mata ke ce ma biskit.

A watan Yulin 2008 gwamnati ta dakatar da MSF reshen Faransa a Maradi, kafin ƙarshen shekara sunka tattara sunka tafi. Tambayar da ta rage mana: in baƙo ya tafi, wa zai duba yaran?

Ashe akwai ƴan gida. Tun 2002 wasu ɗalibai masu karatun likita a Yamai sun kafa BEFEN, suna duba mata da yara marasa hali ba da wani albashi ba. Wasu matasan likitoci kuma sun kafa FORSANI, wadda ta kama aikin tamowa a Madarunfa. Da aka kafa ALIMA a 2009, a Mirya ta jahar Damagaram ta soma aiki, tare da BEFEN.

A Miryar nan ne aka gwada abin da mu muke gani ya fi kome. Da can, auna yaro aikin ma'aikacin lafiya ne ko ɗan sa-kai na gari. Sai aka ce, me zai hana a koya ma uwa? Ma'aunin ɗan siririn abu ne mai launi uku, ana zagaya shi a damtsen yaro daga wata 6 zuwa shekara 5. Kore, lafiya lau. Rawaya, a yi hattara. Ja, wato ƙasa da milimita 115, a ɗauki yaro a nufi likita ranar nan. Ana kuma nuna mata ta danna bayan ƙafar yaro da yatsa, in wurin ya lotsa bai taso ba, kumburi ne. Binciken da aka yi ya nuna awon uwaye bai kasa na ma'aikatan gari ba, kuma yaransu na isowa da wuri, tun ciwon bai kai ga kwanciya a CRENI ba. Matan da yawancinsu ba su taɓa shiga aji ba! Yau ƙasashe da dama sun ɗauki wannan dabara.

Sai dai mu faɗi gaskiya, ƙungiyoyin nan sun girma, suna biyan ma'aikata, kuma kuɗin biskit da magani yawanci daga waje yake zuwa. Da Amurka ta rage tallafinta a 2025, abin ya taɓa aikin tamowa a ƙasashe da yawa. Uwa za ta iya aunawa ta ga ja, ta yi tafiyar ƙasa da goyo, ta tarar babu kaya. Ku da kunka karanci aikin jinya ko ungozoma kuna jiran aiki, koya ma matan unguwa awon nan bai wuce yini guda ba, ga damana na tafe da zazzaɓin cizon sauro.