Daga Makoki Zuwa Fagen Jini: Asalin Mayaƙan Gladiyato

A shekarar 264 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wani babban mutum a birnin Rum, Junius Brutus Pera, ya rasu. 'Ya'yansa suka kawo mutum 6 kasuwar shanu, suka haɗa su faɗa biyu-biyu da makami domin karrama mamacin. Nan tarihi ya fara ambaton gladiyato a birnin.

Ba a daɗe ba 'yan siyasa suka gano cewa jama'a na son kallo fiye da ta'aziyya. A shekarar 65 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Julius Kaisar ya fito da mayaƙa 640, wai don tunawa da mahaifinsa, wanda ya shekara 20 a kabari. Kowa ya san farin jini yake saye.

Akasarin gladiyato bayi ne, fursunonin yaƙi da masu laifi, sai 'yantattun da bashi ya koro. A makarantun horo ake tsare su, ana ɗura musu sha'ir da wake. Binciken ƙasusuwan da aka tono a maƙabartarsu ta Afisa, a Turkiyya ta yau, ya nuna nama bai cika shiga cikinsu ba. Amma likita kam akwai: Galen, wanda Larabawa ke kira Jalinus, a kan raunukan gladiyato ya goge a Pergamon. Ba tausayi ne ya kawo wannan kulawa ba. Mayaƙi dukiya ne, kuma wanda ya yi hayarsa ya bari aka kashe, sai ya biya ubangidansa kuɗi mai tsoka. Shi ya sa ba kowace karawa ke ƙarewa da gawa ba. Dutsen kabarin wani ɗan Siriya, Flamma, ya nuna ya shiga fage sau 34, ya ci 21, kafin ya mutu yana da shekara 30.

Wasu ba su jira a miƙa musu takobin itace, alamar 'yanci, ba. A shekarar 73 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wani gladiyato mai suna Spartacus da mutum kusan 70 suka ɓalle daga makarantar Capua da wuƙaƙen madafa. Bayan shekara 2 aka murƙushe boren, aka gicciye mutum 6,000 a gefen hanyar zuwa Rum.

Wasan bai ja da baya ba. Sarki Titus ya buɗe dandalin Colosseum a shekarar 80 miladiyya da bikin kwana 100. Sai da Kiristanci ya kafu, aljihun daula kuma ya rame, sannan Sarki Honorius ya haramta wasan a farkon ƙarni na 5.